Takalmin Ƙafar Hagu

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa muku idan kun je gaisuwa gidan baffanninku a Kano. Ana cewa ubanku ya ci amanar mutumin da ya kai shi ƙasar Sin, ya tozarta shi a gaban jama'a saboda wani baƙo ɗan Gana. Ba ƙarya suka yi duka ba, rabi suka faɗa. Yanzu da gwiwa ta fara gardama, na daina zirga-zirgar kasuwa, bari in ba ku ɗaya rabin, har da wurin da ni kaina ban yi kyan gani ba.

Alhaji Garba abokin yayana ne tun suna yara. Shi ya gan ni ina zaman banza a bakin shagon Yaya, ya ce yaron nan bakinsa ba ya hutawa, a kai shi inda baki ke ciyar da mutum. Ya ɗauko ni zuwa Guangzhou, ya sa ni makarantar koyon Sinanci, ya kama mini ɗaki. Da na kawo mahaifiyarku, shi ya saya mana tukunyar farko. Wannan ba na musun sa, kuma ko a kabari ba zan musa ba. Na shekara ashirin da biyu ina masa tafinta, shi da 'yan kasuwar da ke bin bayansa. Aikin tafinta kuwa baki ne na haya. Mai saye ya faɗa, ka juya wa mai kaya. Mai kaya ya faɗa, ka juya wa mai saye. Ba ka ƙari, ba ka ragi, kuma abin da kunnenka ya ji a wurin ciniki a nan kake barin sa.

Amma ina da wata sana'a ta biyu wadda ba a biya na. Akwai wani gidan tuwo a hawa na tara na wani dogon bene, inda mutanenmu ke taruwa cin abincin rana: Kanawa, 'yan Nijar, 'yan zangon Gana, kowa da irin Hausarsa. Nan nake baje kolin labari. Har Rediyo suke ce mini. In na kwaikwayi tafiyar wani ko muryar wani, sai ka ga dattijo ya ajiye loma yana share hawaye don dariya. Kuma ina da wata magana da nake taƙama da ita: ni ba na yanke wa kowa hukunci, abin da na gani nake faɗa. Na ɗauka wannan mutunci ne. Ashe wayo ne, na sa masa rawani.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan kasuwar takalma da yawa a Kano suka haɗa kai suka wakilta Alhaji ya yo musu odar takalmin maza, kwantena guda cur, don kasuwar sallah. Muka je Zhanxi, unguwar 'yan takalma, wajen wani mai masana'anta da muka daɗe da shi. Lauban muke ce masa, wato maigida da yarensu. To, ga yadda ake yi a cinikin takalmi. In an daidaita, masana'anta za ta yi samfur, ƙafa biyu. Mai saye ya sa hannu a ƙasan kowace ƙafa. Ta dama ta zauna wajen lauban, ta hagu mai saye ya tafi da ita. Ko da rigima ta taso daga baya, sai a haɗa su, ba wanda zai ce ba haka aka yi da shi ba. Samfurin farko da aka yi mana mai kyau ne, an ɗinke ƙasansa zagaye. Alhaji ya sa hannu, ya ɗauki hotonsa ya aika Kano, kowa ya yaba. Bayan kwana uku sai ya ce mu koma, farashin ya yi masa tsada. Aka yi ta ja, lauban yana ta girgiza kai yana "meyo, meyo", wato babu. Can ya shiga ciki ya fito da wani samfurin, a sama ba ka bambance su. Ya juya shi, ya nuna da yatsa, ya yi magana. Na juya wa Alhaji kalma bayan kalma.

"Ranka ya daɗe, ya ce a wannan farashin ba ɗinki, gam ne kawai. Kuma ya ce gam ɗin nan ba ya jure zafi."

"Kai Sunusi, ka taɓa ganin Bahaushe ya juya takalmi yana duba ƙasansa? Sama ake kallo. Ce masa ya yi."

Na sake maimaita masa zancen zafin, ya daka mini tsawa. Ya zaro koren alƙalaminsa da ba ya rabuwa da shi, ya zana sunansa da ajami a ƙasan ƙafa biyun. To, Alhaji mutum ne da ba ya ɗaukar ko leda a hannunsa, girma ya hana. Sai ya cilla mini ƙafar hagun ya ce in riƙe, ya wuce gaba yana amsa waya. Daga ranar bai ƙara tunawa da ita ba. Ni ma na kawo ta gida na jefar. Mahaifiyarku ta tsince ta, ta ga daidai take da tokare ƙofar baranda inda take shanya, don iska ta dame ta da buga ƙofar.

Wanda ya loda kayan shi ne Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, mai ɗan sito a unguwar Liwan. Shiru-shiru ne, ba ya zama gidan tuwo sai ya ci ya tashi. Shekara tara yana tura wa mutane kaya, ba a taɓa cewa kwali ɗaya ya ɓata a hannunsa ba. Irin aikinsa ba shi da jari sai suna: mutum zai bar maka dukiyarsa ya hau jirgi ya tafi, don kawai an ce masa kai mai amana ne. Kaya suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha, suka yi makonni a teku cikin akwatin ƙarfe, suka yi zaman tasha a Legas, suka hau mota zuwa Kano a tsakiyar bazara. Da aka buɗe kwalaye, kowane takalmi ya wangame baki kamar kifi a faranti. 'Yan kasuwar da suka wakilta shi suka yi wa Alhaji caa. Ba zai iya cewa laifin masana'anta ba ne, don ya san ƙafar dama tana can da sa hannunsa. Ba zai iya cewa nasa ba ne, don da wane ido zai ƙara shiga kasuwa? Sai ya dawo Guangzhou riƙe da samfurin farko mai ɗinki, yana nuna wa kowa: ga abin da na saya, ga abin da ya isa, a siton ɗan Gana aka musanya.

Nan ne wurin da ban yi kyan gani ba. Mako uku cur ina ba da wannan labari a gidan tuwo. In tashi in kwaikwayi takalmi yana buɗe baki, in kwaikwayi Alhaji yana huci, in kwaikwayi Hausar Isiyaka da ba ta raba mace da namiji. Ana ta dariya. In an ce, to Rediyo, wa ke da gaskiya? Sai in ɗaga hannu in ce wasu sun ce kaza, wasu sun ce kaza, Allah ne masani. Alhali na sani sarai. A cikin makonnin nan mutane suka riƙa zuwa da motoci suna kwashe kayansu daga siton Isiyaka, har 'yan garinsu. Dattawa suka sa ranar Juma'a za a zauna, in ya tabbata, za a sanar kada kowa ya ƙara ba shi ko allura. Ranar Laraba Isiyaka ya tare ni a bakin kasuwa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

"Malam Sunusi, kai ne a wurin cinikin. Ban ce ka goyi bayana ba. Abin da kunnenka ya ji kawai."

"Isiyaka, ni tafinta ne. Ba ni da ta cewa."

Ya dube ni, bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To, Allah ya bar ka da lafiya." Ya juya ya shiga cikin mutane.

Washegari Alhamis muna cin abincin rana a gida, yayarku Nafisa ta zo da littafi ta ajiye kusa da kwano. Lokacin tana shekara ta biyu a jami'a, tana karatun Turanci. Uwarta ta ce ta ɗauke shi kada miya ta zuba. Ta ce aiki aka ba su a kan wani tsohon littafin Amurka, kuma ya hana ta sakat. Na ce me ya yi zafi a littafi? Ta ce ba labarin ba ne, mai ba da labarin ne. Wani mutum ne da ya samu shiga cikin masu hali, yana cin abincinsu, yana ganin duk ɓarnar da suke yi, kowa yana gaya masa sirrinsa. Bai taɓa buɗe baki ya hana komai ba sai da mai aukuwa ta auku, sannan ya ɗauki alƙalami yana raba wa kowa laifinsa, shi kuma ya fita fes. Malaminsu ya ce su rubuta ko irin wannan mutum ya cancanci ya yi hukunci. Ni da bakina da ba ya hutawa, sai na karɓe zancen.

"Ai wannan ba tambaya ba ce. Munafuki ne. Yana ina lokacin da maganarsa za ta yi amfani? Shaidar da aka kawo bayan an binne mutum, wa za ta tayar?"

Nafisa ta sunkuyar da kai tana juya cokali. Kun san ta, ba ta ɗaga murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni duk shafin da na buɗe, muryarka nake ji. Ranar da kuka dawo daga Zhanxi, a nan wurin ka ba mu labarin gam, har ka kwaikwayi lauban. Jiya kuma 'yar Baba Isiyaka ta ce mini an ce su fara haɗa kaya, ƙila su koma gida."

Na fusata, na ce yaushe aka haife ki, littafin Nasara ne zai koya mini zaman duniya? Mahaifiyarku ta shigo a gefena, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce wa Nafisa ta rufe mana baki, Alhajin da ya yi mana riga da wando, da wane ido za mu dube shi, kuma in ya janye mutanensa tuwon wa za mu ci? Nafisa ta ɗauki littafinta ta shiga ɗaki. Aka bar ni da uwarku, abinci ya huce. Ina ta jin maganata tana dawo mini, wadda na yanke wa mutumin cikin littafi da bakina. Ba wanda ya tilasta ni, ni na yi wa kaina shari'a ban sani ba. Can na ce, "Amina, gobe zan yi magana." Ta tashi ta nufi baranda, sai na ji ƙofa ta bugu garam. Ta dawo ta dire takalmin a gabana, duk ƙura, rana ta cinye gefensa.

"In za ka je, Malam, kada ka je da baki kawai. Bakinka an saba yin dariya da shi."

Na juya shi. Koren rubutun yana nan raɗau.

Ban yi wa Alhaji kwanton ɓauna ba, wannan ku riƙe shi, don shi ne abin da baffanninku ba sa faɗa. Bayan la'asar na same shi a masaukinsa, na durƙusa, na nuna masa takalmin. Na roƙe shi ya je da kansa ya ce wa dattawa ya janye magana, an samu kuskure, ba sai ya faɗi na wane ne ba. Ni kuma in mayar da takalmin bakin ƙofa. Sai ya ce:

"Sunusi, ni na yi ka."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kai ka sa aka koya mini in faɗi abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi."

"Tashi ka ba ni wuri. In ka isa, gobe ka buɗe baki."

Ya ɗauka ba zan iya ba. Gaskiya ni ma ban tabbata ba. Da safe na tafi Zhanxi wajen lauban na ce ya ara mini ƙafar dama. Ya ce meyo, shi ba ya shiga rigimar baƙi. Na zauna na sha shayinsa har kofi huɗu, na ba shi labarin Isiyaka da Sinancin da ya fi duk wanda na taɓa yi daɗi. Na ce masa in aka kori ɗan Gana, gobe da wani zai sake yin oda, za a ce ai ba a san ko daga masana'anta ba ne, tunda ba a taɓa warware maganar ba. Ya yi tsaki irin nasu, ya hau kujera, ya lalubo ta a saman kanta, ya sa mini a leda.

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a gidan tuwo, aka ture tebura, aka shimfiɗa tabarmi. Ban taɓa ganin ɗakin ya cika haka ba, har bakin matakala. Mai jagorantar zaman wani dattijo ne ɗan Damagaram, Malam Idi, wanda ya riga kowa zuwa garin. Alhaji ya yi bayani, ya ɗaga samfurinsa mai ɗinki, ya yi kyau ƙwarai. Isiyaka ya ce shi dai abin da aka kawo masa a rufe shi ya loda a rufe, ba shi da shaida sai Allah. Aka fara gunaguni. Malam Idi ya ce ko akwai mai magana kafin a rufe? Na miƙe. Wani daga baya ya ce, "Yauwa, Rediyo zai ba mu na yau!" Aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ta ƙona ni fiye da zagi, don ni na koya musu ita.

"Yau ba labari na zo da shi ba, shaida ce. Kuma da kaina zan fara. Mako uku na san gaskiyar maganar nan ina sa ku dariya da ita, mutumin nan yana ƙonewa. Isiyaka, ka yafe mini."

Na faɗi abin da lauban ya faɗa da abin da Alhaji ya amsa, kalma bayan kalma, ban kwaikwayi muryar kowa ba. Sannan na zaro ƙafar hagu daga aljihun babbar riga, na zaro ta dama daga leda, na jera su a gaban Malam Idi, na kifa su. Ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya ya ɗauki ɗaya, ya bi gefensu da farce yana neman ɗinki bai samu ba. Ya karanta koren rubutun a fili. Sannan ya dubi aljihun gaban rigar Alhaji, inda kan alƙalamin ya leƙo, kowa ma ya duba.

"Alhaji Garba, wannan hannunka ne?"

Alhaji ya tattara rigarsa ya miƙe, mutane suka buɗa masa hanya, ya sauka. Malam Idi ya ce, "Jama'a, Isiyaka ya fita daga zargi. Wanda ya kwashe kayansa ya san hanyar Liwan." Sai kabbara ta tashi, 'yan zango suka rungume Isiyaka har hularsa ta faɗi, mai tuwo ta rangaɗa guɗa daga kicin har maƙwabta 'yan Sin suka leƙo. Shi kuwa ya ratso mutane ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Na yi shekaru ina sa ɗakin nan dariya, amma ban taɓa jin daɗi irin na wannan yini ba. Na sauko hawa tara da ƙafa, ban jira na'urar hawa ba, ina jin kaina sakayau kamar an sauke mini buhu.

An biya farashi, kada ku ji an ce ba a biya ba. Kafin sati ya zagayo mutanen Alhaji duka suka bar ni. Yaya ya kira ni ya ce na zubar masa da mutunci, shekara huɗu bai ɗauki wayata ba. Muka bar gidanmu muka koma mai ɗaki biyu, mahaifiyarku ta fara soya cincin tana kai wa gidan tuwo, kuma ko sau ɗaya ba ta ce da ka sani ba. Alhaji har ya koma ga Allah bai ƙara amsa sallamata ba. Na je ta'aziyyarsa, na yi kuka na gaske, kuma har gobe ina sa shi a addu'a. Amma kafin shekara ta ƙare, sai ga mutane suna nema na, 'yan Gana, 'yan Nijar, har Kanawan da suka yi mini tofin Allah tsine. Kowa ya zo sai ya ce a kai shi wajen tafintan nan mai takalmi. Siton Isiyaka ya cika har ya kama na biyu. 'Yarsa ba ta koma gida ba, tare suka gama jami'a da Nafisa.

Na tambayi Nafisa daga baya me ta rubuta wa malaminsu. Ta ce ta rubuta cewa mutumin cikin littafin ya iya gani, ya iya faɗa, lokaci ne kawai bai iya ba. Na ce to ni fa? Ta ce, "Kai ma ka makara da mako uku, Baba. Amma ka iso." Ban ƙara ba, ban rage ba, haka ta faɗa.

Ƙafar dama na mayar wa lauban a ranar, kamar yadda na yi masa alkawari. Ta hagu tana cikin baƙar akwatina, ƙarƙashin rigunan sallah, a naɗe cikin tsohon ɗankwalin mahaifiyarku. Duk ranar da wani ya sake ce muku ubanku ya ci amana, kada ku yi musu da shi, kada ku zagi mamaci. Ku ɗauko takalmin ku miƙa masa, ku ce ya juya ƙasansa.